Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga manyan injiniyoyi da 'yan kwangilar Sakkwato: ku buɗe wa ɗalibanmu ƙofar wurin aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, wannan takarda ta fito ne daga hannun mutumin da da yawanku kun sani a fuska ko da ba ku riƙe sunansa ba. Ni ba injiniya ba ne. Difloma na yi a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi tun Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, daga nan na yi shekara talatin da 'yan kai ina tsaye a rana, ina lura da leburori da birkiloli a ƙarƙashin waɗansunku. Mun yi kwalbati tare, mun yi magudanar ruwa, azuzuwan makaranta, asibitin ƙauye, hanyar marmara da ta kwalta. Ku ne masu zane da sa hannu, mu ne masu tsayawa har a gama zubi. Shi ya sa nake ganin ina da ɗan hurumin yi muku magana a kan yaran da za su gaje ku, balle ma ɗaya daga cikinsu ɗiyata ce.

Tana karatun digirin injiniyancin gine-gine da hanyoyi, wanda su a bakinsu suke kira sibil. Kwanan nan ta gama wata shida na koyon aiki da ake yi a aji huɗu. Kafin ta samu wuri, mako uku ta yi tana yawo da takardar makaranta daga wannan ofis zuwa wancan. Na hana kaina kiran kowa daga cikin waɗanda na yi aiki da su, don ina son in ga abin da ɗan da ba shi da uwa a gindin murhu yake gamuwa da shi. A ƙarshe wani ofis ya karɓe ta, muka yi murna. Abin da ta yi a wata shidan nan shi ne kai takardu wurin kwafi, da zama a kan benci, da dawowa gida bayan azahar. Sau biyu aka fita da ita wurin aiki, kuma duka biyun a cikin mota aka bar ta, wai rana ta yi zafi kuma wurin na maza ne. Da lokaci ya cika, aka sa hannu a littafin rahotonta na mako ashirin da huɗu a zama ɗaya, aka buga hatimi, aka yi mata fatan alheri.

Ban san girman ɓarnar ba sai ranar da wani maƙwabcinmu zai zuba dakin, ya roƙe ni in leƙa masa. Na tafi da ita. A gaban ginin akwai baranda da ta fito waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Na tambaye ta ina ya kamata rodin wannan baranda ya zauna. Ba ta yi wata-wata ba ta ce sama, ta ɗauki tsinke ta zana mini a ƙasa yadda nauyi yake lanƙwasa irin wannan fitowa, ya ja samanta ya matse ƙasanta, ta ƙara da cewa kankare yana jure matsi amma jurewarsa ga ja ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Wallahi daɗi ya kama ni, don ni sai da na yi shekaru a bakin aiki kafin in fahimci dalilin. Sai muka hau sama. Mai ɗaurin rodi ya sa shi a sama kamar yadda ya dace, amma bai sa masa kujerun da za su tallafe shi ba, leburori sun bi ta kai da kwanon sarki sun tattake shi har ya kwanta a kan katako. Tana tsaye a kansa ba ta gani ba. Da na nuna mata, ta yi shiru, can ta ce: "Baba, ga takarda nis san shi, ban taɓa ganinai da ido ba." Da an zuba a haka, ranar da aka cire katakon tallafi ko ranar da yara suka taru a kan barandar nan, da labari ya sha bamban.

Ba na zargin malamanta, don abin da ke kansu sun yi, ta san lissafinta. Ba na zarginta ita ma. Mu nake zargi, ni da ku, masu riƙe da wuraren aiki.

Bari in tuna wa waɗanda suka daɗe da barin aji irin hanyar da yaron nan yake bi kafin ya iso ƙofarku da takardarsa a hannu. Sai ya ci darasi biyar a jarrabawar fita sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, sannan ya zauna JAMB a kan waɗannan huɗun. A jiha irin tamu, inda makarantun karkara da dama suke neman malamin fizis ruwa a jallo, duk wanda ya tsallake wannan ya riga ya nuna ba rago ba ne. Karatun shekara biyar ne in yajin aiki bai gitta ba, mai difloma kuma yakan shiga daga aji biyu. Shekarar farko kimiyya ce zalla. A ta biyu a gama shi da 'yan kanikanci da 'yan lantarki, a koya musu zane da ƙarfin kayan aiki da tafiyar ruwa cikin bututu, a kai su bita su riƙe zarto su taɓa walda. Daga aji uku ake shiga gonar gadan-gadan: nauyin da gini yake ɗauka da inda yake sauke shi, halin ƙasa, safiyo, ruwa da magudanansa. A aji huɗu zango ɗaya ake yi a makaranta, sauran a wajenku. Aji biyar a dawo a yi zanen kankare mai rodi da na ƙarfe, da hanyoyi, da harsashi, da ruwan sha da na ƙazanta, a rufe da aikin bincike. Ko bayan digiri, hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970 don tsare mutuncin wannan sana'a, ba za ta yi masa rajista ba sai ya yi shekara huɗu yana aiki ana ganin hannunsa.

To a duk tsawon shekara biyar ɗin nan, wata shidan aji huɗu ne babbar damar da yaro yake da ita ya shaƙi ƙurar siminti da hancinsa. Wannan tsarin koyon aiki da ake kira SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ɓullo da shi a 1973, an yi shi ne saboda masu ɗaukar ma'aikata sun yi ta kukan cewa masu digiri suna fitowa da ilimi a ka, hannu babu komai. Shekara hamsin ke nan da 'yan kai, kuma mu da kanmu muke mayar da tsarin ya zama sa hannu da buga hatimi, sannan mu dawo muna irin wancan kukan. Na sha ji a bakin waɗansunku: yaran yanzu ba su iya komai ba. Ranku ya daɗe, a ina za su iya?

Akwai abubuwan da garin nan yake koyarwa waɗanda babu su a littattafan da yaranmu suke karantawa, don galibinsu an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, kuma ƙa'idojin zane da muke bi na Ingila ne da na Turai. Ɗauki zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a Sakkwato sau da yawa. Kwaɓa kankare da tsakar rana a irin wannan lokaci, da yashi da tsakuwar da suka wuni a rana, za ka ga ya fara ɗaurewa tun yana cikin baro. Abin da lebura zai yi a nan kowa ya sani: zai ƙara ruwa don aiki ya yi masa laushi. Buhun siminti mai kilo 50 ba ya son ruwan da ya wuce wajen lita 25 in ana son ƙarfi na kirki, amma na sha ganin an kusa ninka wannan da bokiti, ba don mugunta ba, don dai babu wanda ya taɓa zaunar da mutumin ya gaya masa cewa ruwan da ya yi yawa zai ƙafe ya bar ƙananan ramuka a cikin kankaren, kuma ta nan ƙarfinsa yake zurarewa. Ɗalibi ya san wannan a matsayin lamba a littafi. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake tsayawa gaban mutum ashirin da suka gaji, ɗan kwangila yana duban agogo, ka ce ba za a ƙara ruwa ba, kuma su saurare ka. Bai san cewa a bazara da asuba muke fara zubi ko mu bari sai la'asar sakaliya ba, ko cewa muna yayyafa wa tsakuwa da katako ruwa kafin a fara, ko cewa da an gama sai a rufe da buhunan algarara masu jiƙe a yi ta ban ruwa aƙalla kwana bakwai. Bai san iskar hunturu ma tana tsotse fuskar dakin ta tsattsage shi kamar bazara ba, alhali mutane suna ganin sanyi ake yi. Wannan duka a mako biyu yaro mai hankali zai kama shi, in an bar shi ya sauko daga mota.

Ɗauki ƙasa kuma. A tudu muna da marmara wadda in ta samu ruwa daidai gwargwado da rola, ta zama kamar dutse. A fadamar Rima laka ce mai kumbura da damina, ta tsage da rani har ka sa hannu a tsagar, kuma duk ginin da aka ɗora a kanta da harsashi irin na tudu zai nuna alama kafin damina uku. In ka nufi arewa wajen Illela da Gada da Tangaza, rairayi ne ya fi yawa. Allah ya ba mu farar ƙasa a Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita tun 1967, amma dutsen fashi mai tauri sai an ɗauko shi daga ɓangaren Gusau, shi ya sa yawancin masu gini suke amfani da tsakuwar gida, wadda wata tifa mai kyau ce, wata kuma rabinta ƙasa. Injiniyan da zai yi aiki a nan dole ya iya damƙar yashi ya murza ya san ko da laka a ciki, ya iya zuba shi a kwalba da ruwa ya girgiza ya ga kaurin laka da ta kwanta a sama. Dole ya taɓa ganin an cika hanya hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 ba bayan an daddanne, kuma ya ga abin da ke faruwa da hanyar da aka jibge ƙasarta gaba ɗaya aka bi samanta da rola sau biyu don a yi sauri.

Sai ruwa, wanda shi ne babban malaminmu. Daminarmu gajeriya ce, wata huɗu ko ƙasa da haka, amma in ya sauko yakan sauko ne kamar da bakin ƙwarya, kuma kwalbatin da ya yi wata takwas a bushe yana tara leda da yashi shi ake so ya ɗauke ruwan unguwa guda cikin sa'a ɗaya. Mutanen Mabera ba sa bukatar a ba su labarin wannan. Babu kuma wanda ya kai shekarun hankali a garin nan da ya manta Satumbar 2010, lokacin da Rima ya cika ya batse, aka saki ruwan dam ɗin Goronyo, ƙauyuka da gonaki suka nutse, ruwa ya yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har sai da karatu ya tsaya, mutane suna tsallakawa da kwalekwale. Na je na tsaya a bakin wurin a lokacin. Abin da na gani a rana ɗaya, yadda ruwa yake cin ƙasa ta ƙarƙashi da ta gefe har abin da ke sama ya rasa madogara, ya fi mini duk abin da na karanta a kan gada. Yaran da ke aji huɗu yau suna firamare ko ba su ma shiga ba a wancan lokaci. Waɗansunku sun yi aikin gyaran da ya biyo baya, kun san abin da aka tarar da abin da aka canza. Wannan ilimi yana cikin kawunanku, ba a rubuce yake inda ɗalibi zai same shi ba, kuma kowace shekara muna binne wani daga cikin masu shi.

A zamaninmu, ɗan Sakkwato da yake son digirin injiniya sai ya ɗauki akwati ya nufi Zariya ko Kano. Yanzu jami'ar da aka kafa a garin nan a 1975 tana da tsangayar injiniyanci, ga kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana yaye masu difloma, ga Aliero da Birnin Kebbi nan kusa. Ɗalibai sun samu. Aiki ma bai yanke ba: ana gina gadojin sama da rukunin gidaje, ana buɗe hanyoyin cikin gari, kuma a Oktoban 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri daga Illela, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wadda da kankare ake shimfiɗa ta a maimakon kwalta. Irin wannan shimfiɗa da yawa daga cikinmu tsofaffi ba mu taɓa yin ta ba. In aka gama ta ba tare da yaranmu sun tsaya sun ga yadda ake jera rodinta da yanka gaɓoɓinta da ba ta ruwa ba, to ranar da ta nemi gyara sai mun sake ɗauko wani daga nesa. Ga ɗalibi, ga aiki, tsakaninsu shingen kwano ne kawai da mai gadi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Kowane injiniya mai rajista da yake da aiki a hannu ya ɗauki ɗalibi biyu a shekara, ya ɗauke su da gaske. Ya ba su hular kwano da takalmi, ya haɗa su da mai lura da leburori, ya ce wa mutumin nan yaran amana ne a hannunsa. Su riƙe abin awo ranar da ake fitar da layin harsashi. Su ƙirga rodi su gwada da zane kafin a rufe, su duba tazarar zobban ƙarfen da ke ɗaure rodi a kusa da ginshiƙi, su tabbatar an sa 'yan ƙananan tubalan da ke ɗaga rodi daga katako don kankare ya lulluɓe shi. Su cika mazubin gwaji da kankare da hannunsu, su rubuta kwanan wata, su bi shi har ɗakin gwaji ranar kwana 7 da ranar kwana 28 su ga an murƙushe shi, su ji faɗuwar gaban da muke ji kafin lamba ta fito. A ƙarshen mako injiniyan ya ba su minti talatin, ya buɗe littafin rahoto ya yi tambaya a kan abin da aka rubuta. Wanda bai zo ba kada a sa masa hannu, ko ɗan wane ne. Sa hannu a kan aikin da yaro bai yi ba shaidar zur ce, kuma darasi na farko ke nan da muke koya masa a sana'ar da gaba ɗayanta a kan sa hannu ta tsaya. Wanda ya ga an sa masa hannu a kan mako ashirin da huɗu na ƙarya, me zai hana shi gobe ya sa hannu a kan rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16?

Ku da kuke ma'aikatun gwamnati, a hannunku ake rubuta sharuɗɗan kwangila. Layi biyu sun isa: duk aikin gwamnati da ya kai wani adadi, ɗan kwangila zai ɗauki ɗalibai kaza daga makarantun jihar, ya ba su kuɗin mota da kayan kariya, kuma injiniyan da ke sa ido ya tabbatar da haka kafin a biya kashi na gaba. Abin da za a kashe bai kai kuɗin tifa biyu na dutse a wata ba. Maganar kuɗin mota kada a raina ta. Alawus ɗin da tsarin ya tanada ba ya kai yaro ko'ina, kuma na san ɗaliban da suka bar wuri mai kyau a bayan gari suka koma zaman benci a cikin gari don kuɗin kabu-kabu na kullum ya gagari iyayensu. Ku kuma shugabannin ƙungiyar injiniyoyi ta NSE reshen jiha, kun san kowa, kun san wanda ke da aiki da inda aikin yake. Ku nemi sunayen 'yan aji huɗu daga makarantu tun kafin zango ya ƙare, ku raba su da kanku, don ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ubansa manomi ne a Wurno ko Tureta bai san ƙofar kowa ba a garin nan, kuma shi ne ya fi bukatar wannan.

Game da 'ya'ya mata, ina magana a matsayin uba, kuma uba Basakkwace da ya san abin da mutane suke tsoro. Yarinyar da iyayenta suka yarda ta karanta sibil sun san ba aikin ɗaki ba ne. Hijabi ba ya hana hular kwano zama. Abin da take bukata shi ne babba ya tara ma'aikata ranar farko ya ce wannan ɗiyata ce, ya ware musu makewayi da wurin salla, ya tura su biyu-biyu in hali ya yi. Na gwada wannan da kaina bayan abin da ya faru, na riƙa fita da ita da wata ƙawarta duk Asabar. Birkilolin da nake tsammanin za su yi gunaguni su ne suka fi kowa ɗokin nuna musu aiki. Wani dattijo da ya fi shekara arba'in yana ɗora bulo ya wuni yana koya musu yadda ake gane bulon da aka yi wa rowar siminti ta hanyar ƙwanƙwasa shi da jin ƙararsa, ita kuma ta bayyana masa da Hausa dalilin da ya sa linta take son rodinta a ƙasa, baranda kuma a sama. Ya ce shekara da shekaru yana yi, ba wanda ya taɓa gaya masa dalili.

Wannan ma wani abu ne da sai a wurin aiki ake koyonsa. Da Turanci ake karatun, amma da Hausa ake ginin. Injiniyan da ba zai iya juya abin da ke cikin zane zuwa maganar da mai ɗaurin rodi zai gane ba, zanensa a takarda zai tsaya. Wanda kuma ya zo yana ɗaga wa dattawan magina hanci don yana da digiri, za su ce masa "to, Injiniya", su bari ya juya baya su yi yadda suka saba.

Na san abin da za ku ce, don na zauna a inda ake faɗinsa. Za ku ce ɗalibai suna rage saurin aiki. Gaskiya ne, a wata na farko. Daga wata na biyu kuwa kun samu ƙarin idanu huɗu a wurin da ku kanku ba kwa iya zuwa kullum, kuma yaro sabon jini da aka ba aikin ƙirga buhun siminti da aka kwaɓa ba ya gajiya da ƙirga. Za ku ce wurin aiki akwai haɗari, wa zai ɗauki alhaki in wani abu ya faru? Haɗarin yana nan ga ɗan leburan da yake hawa tsani da silifa, kuma in zuwan ɗalibai ya sa aka fara sayen hula da takalmi aka gyara tsani, kowa ya amfana. Za ku ce da yawansu ba sa son koyo, hatimi kawai suke nema. Akwai irinsu, na gan su. Amma sun koyi haka ne daga na gabansu da suka gaya musu cewa haka ake yi, kuma shekara ɗaya da aka hana malalaci sa hannu ta isa labari ya zagaye makaranta. Akwai kuma dalilin da ba a faɗi a fili: wani ba ya son baƙon ido a wurin aikinsa don akwai abin da ba ya son a gani. Wannan ba ni da abin ce masa illa ya tuna cewa azuzuwan da yake ginawa yara ne za su zauna a ƙarƙashinsu.

Ina kuma roƙon ku riƙa kai wa malaman jami'a matsalolin da ke damun ku don su zama aikin binciken 'yan aji biyar. Tsarin karatu da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Me ya fi dacewa da mu irin zubin kankare a zafi, da gini a kan lakar fadama, da ƙarfin bulon da ake bugawa a unguwanninmu, da lissafin ruwan da ke gangarowa Mabera, da zaizayar da ke cin bakin garuruwanmu? Ku ne kuke da tsofaffin zane da sakamakon gwajin ƙasa na shekaru a cikin kabad. Ku buɗe musu. Ku ɗauki mota ɗaya a shekara ku kai su dam ɗin Goronyo da na Lugu da kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya san wurin ya yi musu bayani a tsaye.

Ba baƙon abu nake kawowa garin nan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin nan a 1809 ya kewaye shi da ganuwa, a cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a da gina garuruwa da gadoji da gyaran hanyoyi da kasuwanni a cikin abin da ke wuyan shugaba. Maginan da suka ɗaga ganuwar da har yau muke kiran ƙofofinta, Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da sauransu, a gindin iyayen gidansu suka koya, suna miƙa tubali suna kallo. Ku ma kowanenku yana iya faɗin sunan mutumin da ya fara riƙe hannunsa a wurin aiki. Ni nawa ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in na ga an zo cire katakon dakin kafin lokacinsa, muryarsa nake ji.

Ɗiyata ta shiga aji biyar, nata wata shidan ya wuce, abin da ya rage ina cike mata shi da Asabar gwargwadon sanina, wanda bai kai naku ba. Amma 'yan bayanta suna nan tafe, nan da 'yan watanni za su fara yawo da takardunsu. Ni da wasu tsofaffin masu lura da aiki mu huɗu mun yi magana, mun yarda duk injiniyan da ya ɗauki ɗalibai amma ba shi da lokacin tsayawa a kansu, za mu riƙa zuwa kwana biyu a mako mu tsaya musu ba tare da an biya mu ba. In reshen ƙungiyarku ya kira zama a kan wannan, a sanar a rediyo, za mu zo.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Naku,
Wani tsohon mai lura da aikin gini,
Sakkwato.